Gaisuwar da Na Kai wa Farfesa

Shekara huɗu matata ta yi tana bibiyar wani mutum da bai taɓa rayuwa ba. Ɗan kasuwa ne a cikin wata doguwar waƙa da wani mawaƙin Ingila ya rubuta ɗaruruwan shekaru da suka wuce, cikin wani tsohon Turanci da ko Turawan yanzu sai an yi musu fassara. Shi ya kawo mu Kuala Lumpur. Jami'ar da take koyarwa a gida ta turo ta yin digiri na uku, ni kuma na rako ta da yaranmu biyu, da niyyar in yi wata uku in koma shagona. Da na shiga kasuwar Chow Kit na ga farashin yadin hijabi, sai na fasa komawa. Na bar ƙanena a shago, ina saye a nan ina aika masa.

Ban yi boko mai nisa ba. A aji uku na sakandare na tsaya. Da dakon dilar yadi na fara a Kantin Kwari, na zama dillali, na sami tebur, daga baya shago. Turancina na ciniki ne, yana kai ni inda za ni ya dawo da ni. A nan na ƙara masa 'yan kalmomin mutanen ƙasar, irin su boleh da lah, 'yan China masu kanti suka daina yi mini kallon baƙo. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ya yi abin da zan ba da labari. Ba wawa ba ne. Mutum ne da ya saba abin da ya sani yana yi masa aiki.

Tambayar da kundinta ya tsaya a kai guda ɗaya ce: mawaƙin nan son ɗan kasuwan yake yi, ko raina shi yake? Ta sha yi mini bayani muna cin abinci. Wai mawaƙin ya tsaya ya kwatanta hularsa da takalminsa, da yadda yake zama a kan doki, da yadda ba ya buɗe baki sai zancen riba ya fito. Bai zage shi ko sau ɗaya ba. Yabonsa ma yake yi, amma irin yabon da in aka yi maka a gaban mutane za ka koma gida kana tunani. Malamai sun rabu biyu a kai tun kafin a haifi kakanninmu. Ita tana ɓangaren masu cewa akwai ƙauna a ciki.

"To Malama, ba sai a tambaye shi ba?" na ce mata wata rana.

"Ya mutu, Alhaji."

"Ɗan kasuwan fa?"

"Shi ba a ma haife shi ba."

"Kuma a kan wannan aka ɗauko ki tun daga Kano a jirgin sama."

Ta jefe ni da murfin biro. A lokacin abin dariya ne a wurina.

Saura mako uku ta kare kundin a gaban malamai, ta dawo gida ba walwala. An sanar da ita waɗanda za su yi mata jarrabawar. Ɗaya daga wata ƙasa yake, ɗayar kuma wata tsohuwar farfesa ce a sashensu, 'yar ƙasar, mai ofis a hawa na uku. Ɗalibai suna tsoronta. An ce ba ta ɗaga murya, ba ta dariya, tambaya ɗaya take yi mutum ya manta abin da ya rubuta da hannunsa. Matata ta zauna a bakin gado ko hijabi ba ta cire ba, ta ce, "Ita kaɗai na roƙi Allah kada a ba ni."

Da na ji haka, kaina ya tafi inda ya saba tafiya. A Kwari ban taɓa shiga wurin babba hannu rabbana ba. In kayanka suna hannun wani, ko ɗanka yana gaban wani malami, kana zuwa ka gaishe shi ka ajiye ɗan abu. Ba ka sayi komai ba. Ka dai nuna masa cewa wannan da ke gabansa yana da mutane a bayansa, kuma mutanen sun san girma. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi wa duk wanda na taɓa hulɗa da shi. Amma tunda gaskiya na zauna rubutawa, ba girmamawa kaɗai ce a raina ba. Ina so tsohuwar nan ta sassauta. Na kuma san ina so.

Kwana biyu na yi ina haɗa kayan. Jakar fata ɗinkin Kano, wadda na taho da ita daga gida ban san wa zan ba ba. Leshi ruwan toka, tunda an ce ba mai son kwalliya ba ce. Kwalbar turare daga shagon wani Balarabe a Bukit Bintang, da kwalin dabino. Na auna su yadda nake auna komai: kada su yi yawa ta ji kunya, kada su yi kaɗan ta ji an raina ta. Matata ba ta sani ba. Na ce mata wurin masu kago, masu tura mini kaya gida, za ni in duba kaya.

Na sa farar babbar riga da hula, na hau jirgin ƙasa, na sauka na shiga bas. Sai da na tambayi mutum uku kafin na sami ofishin. Ƙofar a buɗe take. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da tabarau da lulluɓi ruwan ƙasa, littattafai sun kusa toshe mata taga. Na yi sallama ta amsa. Na faɗi ko ni wane ne, mijin wace ce. Ta cire tabarau ta dube ni tun daga hula har takalmi, ba gaggawa, sannan ta nuna mini kujera.

Na ɗora kayan a kan teburinta. Ba ta taɓa su ba. Ta tambaye ni sana'ata na gaya mata, ta sake tambaya na ƙara. Ni mutum ne da in aka saurare ni ba na sanin wurin tsayawa, ita kuma ta iya sauraro. Na ba ta labarin dakon dila. Na buɗe jakar na nuna mata ɗinkin ciki, na koya mata yadda ake bambanta fatar gaske da ta roba, har na ce ta shinshina. Ba ta shinshina ba. Na ce mata matata ta fi kowa ƙwaƙwalwa a danginsu da namu, ta sha wahala, a duba mana ita da idon rahama. Ta tambaye ni ko na san a kan me kundin yake. Na ce a kan wani ɗan kasuwa ne irina. Nan ne kaɗai na ga gefen bakinta ya ɗan motsa.

Ta ɗaga waya ta kira wata ma'aikaciya. Matar ta zo da takarda ta rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, aka ce in sa hannu. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ƙasar nan akwai tsari, ko kyauta sai an ba da rasit. Da zan fita na juyo na ce, "Farfesa, don Allah kada matata ta ji. Faɗa za ta yi mini." Ta ce ta ji abin da na ce.

Daga can unguwar Kampung Baru na wuce, na zauna na ci shinkafa da gasasshen kifi har da ƙari.

Ranar Alhamis da safe, yara sun tafi makaranta, ina ɗaura agogo na ji cokali ya faɗi a kicin. Na same ta tsaye da waya a hannu, ƙwai yana ƙonewa a kasko. Saƙo ne daga jami'a. An dakatar da ranar kare kundinta har sai wani kwamiti ya zauna, saboda an kai rahoton cewa an yi yunƙurin ba mai jarrabawa toshiyar baki a madadinta.

"Kuskure ne," ta ce. "Sun haɗa ni da wata. Ni wa na sani da zai…" Sai ta ɗago ta dube ni.

Na kashe wutar girkin don hannuna ya sami abin yi, sannan na gaya mata duka, a tsaye.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Alhaji, ka san abin da suke yi wa wanda aka kama da wannan? Kora ce. Kuma ba a nan take tsayawa ba, rubutawa suke yi har gida. Aikina ya tafi ke nan. Ba jami'ar da za ta sake ɗaukata, a nan ko a can."

"Gaisuwa ce kawai."

"In gaisuwa ce kawai, me ya sa ka ce mini wurin masu kago za ka?"



Kwana goma sha ɗaya aka ba mu kafin zaman. Na taɓa yin asarar da ta mayar da ni tebur bayan na saba da shago, ban rame ba, domin abin nawa ne. Wannan ba nawa ba ne. Shekarunta huɗu ne, da idonta da ya lalace har ta koma sa tabarau, da bikin ƙanwarta da ba ta je ba. Sai in zauna a jirgi sanyin na'ura yana kaɗa kowa, ni ina jiƙe da gumi. In ga ɗan sanda a tasha in sauya hanya. A Chow Kit na tsaya a gaban wani ɗan China da na saba saye a wurinsa, ya faɗi farashi na ce to. Ya bi ni da kallo ya ce, "Bos, lafiya kuwa?" Shekara huɗu bai taɓa faɗin farashi na amsa masa a karon farko ba.

Ita kuwa kullum da safe sai ta buɗe kundin ta ci gaba da bita, kamar ba abin da ya faru. Wannan ya fi komai tsorata ni. In wuce in ga shafin da na bari ɗazu shi ne har yanzu a gabanta.

Mahaifinta tsohon hedimasta ne. Ranar da na je neman aurenta ya tambaye ni inda na tsaya a karatu, sannan ya ba ni ita. Duk Juma'a da safe yakan kira ya tambayi kundi. Wannan Juma'ar da wayar ta yi ƙara, na fita baranda na tsaya har suka gama. Ta cikin taga na ji tana ce masa an ɗan ɗaga ranar, ba wani abu ba ne.

Akwai wani dattijo mutumin Zariya da yake koyarwa a wata jami'ar daban, ya daɗe a ƙasar har 'ya'yansa ba sa amsa masa da Hausa. Bayan sallar Juma'a na ja shi wani mamak, irin shagunan shayin nan na Indiyawa musulmi, na gaya masa. Ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, kai da kanka ka je?"

"Ni da kaina, Malam."

"Da babbar riga?"

"Da babbar riga."

"Ka sa hannu a takarda?"

"Na ɗauka rasit ne."

Na ce masa na yi shawarar mu tara dattawa uku ko huɗu mu je gidan tsohuwar mu ba ta haƙuri, na ma fara binciken unguwar da take.

"In ka taka ƙofar gidanta, 'yan sanda ne za su rako ka," ya ce. "Kada ka je, kada ka aika, kada ka kira. Abin da ka fi ƙi a duniya shi za ka yi. Ka zauna."

Ya ce zai zo ya yi mini tafinta ranar zaman, don Turancin ciniki ba zai ɗauke ni a wannan ɗakin ba. Shawararsa ita ce in tsaya a kan magana ɗaya: al'adarmu ce, ban nufi komai ba, ban nemi komai ba.

Saura kwana huɗu aka aiko mana da kwafin rahoton da farfesar ta rubuta, don mu shirya amsa. Shafi ɗaya da rabi ne. Bayan azahar matata ta zauna a teburin cin abinci tana karantawa tana juya mini da Hausa, da muryar da take karanta takardar makarantar yara.

Na zaci zagi zan ji. Babu. Tsohuwar ta rubuta cewa da hantsi wani mutum ya zo ofishinta cikin farar riga mai faɗi da hula mai aikin hannu, takalminsa a goge, ƙamshinsa ya riga shi shiga. Ya yi sallama cikin ladabi. Ya bayyana mata cewa da ɗaukar kaya a ka ya fara, kuma bai taɓa cin na kowa ba. Ya yi mata darasi mai amfani a kan fata. Ya yabi matarsa yabo mai yawa, ko da yake bai karanta shafi ɗaya na aikinta ba. Ya roƙi a dube ta da rahama. Ya sa hannu a takardar kayan cikin farin ciki, har ya gode wa ma'aikaciyar. A layin ƙarshe ta rubuta cewa da zai fita ya roƙe ta kada matarsa ta ji, domin za ta yi masa faɗa.

Shi ke nan. Ba ta ce na yi laifi ba, ba ta ce ban yi ba.

Matata ta ajiye takardar, ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Shekara huɗu ina kan wannan," ta ce. "Hula, takalmi, yabo. Yau ga shi an rubuta mini mijina."

"To ke ce gwana. Me take nufi da ni?"

Ta sake bin shafin da ido tun daga sama. "Ban sani ba."

"Kin rubuta littafi guda a kan irin wannan, Malama."

"A kan wanda ba ni da shi a gida. Dubi nan, darasi mai amfani a kan fata. Duk wanda ya karanta wannan sai ya yi maka dariya. Dubi na ƙarshen. Ta nuna musu ka san ba daidai ba ne, shi ya sa ka ɓoye. Ta yanka ka, ba ta bar jini a hannunta ba."

Na ce ta sake karanta mini a hankali, ta karanta. Ni ban san waƙa ba, amma na san yadda ake maganar kaya. Dillalin da yake so ya kashe maka kaya ba ya dogon bayani, kalma biyu yake raɗa wa mai saye ya wuce. Na ce mata da tsohuwar nan so take ta gama da mu, layi uku ya ishe ta: ya zo, ya kawo, ya roƙa. Ba ta buƙatar hulata. Wanda ya tsaya yana juya kaya ciki da baya yana duba ɗinki, bai yanke shawarar yar da shi ba tukuna. Layin ƙarshen kuma ni ya kama, amma matata ya saki. Tsohuwar kaɗai ce ta ji na faɗi haka, ma'aikaciyar ta riga ta fita. Da ta bar shi a cikinta, ba mai shaidar cewa matata ba ta sani ba.

"Ko kuma ta rubuta duk abin da ya faru ne kawai, don haka halinta yake," in ji matata. "Kana ganin tausayi ne don tausayi kake nema. Abin da wasu ke faɗa mini ke nan a kan kundin, wai na ga ƙauna ne don ni ce nake son ɗan kasuwan."

"Kina son sa?"

"Yau ba ranar wannan tambayar ba ce, Alhaji."

Kwana huɗun nan da takardar nake yawo a aljihu. Duk inda na zauna sai in fito da ita in bi layukan da yatsa, ko da yake rabin kalmomin sun fi ƙarfina. Wani lokaci in ga mace mai tausayi a bayan rubutun. Wani lokaci in ga tana leƙo ni ta saman tabarau kamar wani ƙwaro da ya faɗo mata a tebur. Mutum uku na kwamitin, da ba su taɓa ganina ba, za su san ni ta wannan shafi da rabi, su kuma yanke wa matata hukunci da shi. Duk sunan da na gina a Kwari bai ƙetaro teku ba.

Ranar Litinin na sa riga da wando na kanti. Matata ta dube ni ta ce in cire in sa babbar rigar. "Sun riga sun karanta ta. In ka je ba ita, wani mutum ne daban ya zo."

Ita aka fara kira. Na zauna a waje da Malam, ina jin agogon hannuna. Da ta fito ba ta dube ni ba. Muka shiga. Ɗaki ne mai sanyi da dogon tebur, mutum uku da mai rubutu. Farfesar ba ta nan. Kayana suna kan wani ƙaramin tebur a gefe, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa, kamar waɗanda kwastan suka kama.

Shugabansu mutum ne mai furfura da taushin murya. Ya tambaya ko kayan nawa ne, na ce nawa ne. Ko sa hannuna ne, na ce nawa ne. Ko matata ta sani, na ce ba ta sani ba. Ya rubuta. Sannan ya ce, "Da ka kawo kayan nan, kana fatan za su sa mai jarrabawa ta sassauta wa matarka?"

Malam ya juya mini da Hausa, ya ƙara ƙasa-ƙasa, "Al'ada, Alhaji."

Na hangi rahoton a gaban shugaban, na ga ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare. Sai abin da kowane mai shago ya sani ya faɗo mini. In mai saye ya riga ya ga tabo a yadi ka ce masa babu, ba yadin kaɗai zai bari ba, duk abin da ka gaya masa a kan sauran kayan ya zama ƙarya. Abu ɗaya nake buƙata mutanen nan su saya a wurina, cewa matata ba ta sani ba. Roƙon rahama kuwa ga shi nan a rubuce a gabansu.

Na ce, "A garinmu haka ake gaida babba, wannan gaskiya ne. Amma na so ta sassauta. Shi ya sa na je kafin jarrabawar, ban jira bayanta ba. Na kuma san matata ba za ta yarda ba, shi ya sa na ɓoye mata."

Malam bai juya ba. Ya dube ni. "In faɗa haka?"

"Faɗi, Malam."

"Kana iya kashe ta da wannan fa."

"Faɗi yadda na faɗa."

Ya faɗa. Mai rubutu ta rubuta. Wata mace a cikinsu ta tambaye ni ko na san wannan laifi ne a dokar ƙasa, ba a ta jami'a kaɗai ba. Na ce yanzu na sani. Shugaban ya ce za a rubuto mana.

A waje matata ta tambayi Malam abin da na ce, ya gaya mata. Ta tsaya cak a kan matattakala tana riƙe da ƙarfe. Ba ta yi mini magana ba har gida, haka ma washegari. Ni kaina na daina tabbata. A shago in ka yi kuskuren karanta mai saye, ciniki ɗaya ka rasa. A nan na jingina duk abin da take da shi a kan yadda na fahimci rubutun wata tsohuwa da na gani sau ɗaya, a harshen da ban ƙware ba.

Kwana tara muka jira. Takardar ta ce ba a sami ɗalibar da laifi ba. An janye farfesar daga masu jarrabawa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, za a nemi wani. Ni an hana ni shiga harabar jami'ar har matata ta gama, kuma a wannan karon maganar ba za ta fita waje ba. Ta karanta sau biyu a tsaye, ta shiga ɗaki ta yi sujada. Ni a ƙasan falo na tsinci kaina a zaune. Da ta fito ta miƙo mini waya ta ce ni zan gaya wa Baba dalilin ɗaga ranar. Na gaya masa tun daga jakar fata. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya kiyaye gaba, in miƙa wa 'yarsa wayar.

Neman sabon mai jarrabawa ya ci wata biyar. A cikinsu ne malamin da yake duba aikinta ya gaya mata abin da na gwammace ban ji ba. Tsohuwar ta riga ta gama karanta kundin kafin in je, ta kuma rubuta cewa aiki ne mai kyau, gyaransa kaɗan ne. Wanda aka kawo a madadinta yana ɗaya ɓangaren, na masu cewa mawaƙin raina ɗan kasuwan yake. Ita kuwa ban sake ganinta ba. Sau da yawa na so in san abin da take nufi da ni, amma ba ni da hanyar tambaya.

Ranar kare kundin na raka matata har tashar bas da ke wajen ƙofar jami'a, iyakata ke nan. Na zauna a bencin ƙarfe tun hantsi. Ruwa ya zo bayan azahar yadda ya saba, ya tafi. Duk bas ɗin da ya tsaya sai direba ya dube ni in girgiza kai. Mai gadin ƙofar ya leƙo ni sau biyu, na biyun ya tambaya ko na ci abinci. Na ce masa ba na jin yunwa.

Wajen ƙarfe uku ta fito, jakar kwamfuta a kafaɗa, tana tafiya a hankali. Daga nesa na kasa karanta fuskarta, da ta matso ma haka. Ta zauna kusa da ni.

"Na ci," ta ce. "Da gyara babba. Babi biyu zan sake. Wata shida."

"Alhamdu lillahi."

"Ya ce na cika tabbaci. Wai in rubuta cewa ba za a iya sanin abin da ke ran mawaƙin ba."

"Za ki rubuta?"

"Zan rubuta, in karɓi takardata." Ta cire takalmi ɗaya ta murza ƙafarta. "Yau ba zan yi girki ba. In mun sauka ka tsaya a kedai, shagon abincin nan, ka yi mana tapau, su ƙunsa mana mu tafi da shi gida, har da na yara. Ka ce kada su sa mini yaji."

Bas ya zo, muka shiga.